Yadda Attajiran Fasaha Suka Koyi Tsorata Majalisar Amurka

A shekarar 1995, lokacin da Windows 95 ta fito jama'a suka yi ta layi a shaguna don saye, kamfanin Microsoft mutum ɗaya tak gare shi a Washington mai yi masa kamun ƙafa a wajen 'yan majalisa. Sunansa Jack Krumholtz. Ko ofis na kansa a tsakiyar birni ba a ba shi ba, ya raɓa ne a ofishin sayar da kayan kamfanin da ke bayan gari, yawancin aikinsa kuwa a cikin mota yake yi da wayar hannu. Bill Gates a wancan zamani yana ganin Washington wuri ne na masu surutu da ba su san yadda kwamfuta ke aiki ba, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Injiniyoyin Kwarin Silikon da ke Kaliforniya sun ɗauka cewa idan suka ƙyale gwamnati, ita ma za ta ƙyale su.

Da farko kamar hakan ne. A 1996 majalisa ta saka wani ɗan gajeren sashe, Sashe na 230, a cikin dokar sadarwa, wanda ya ce ba za a kama mai shafin intanet da laifin abin da wani ya wallafa a shafinsa ba. A kan wannan sashe aka gina Facebook da YouTube da Twitter daga baya. A 1997 gwamnatin Bill Clinton ta fitar da manufarta kan kasuwancin intanet, wadda gundarinta shi ne a bar 'yan kasuwa su ja gaba, gwamnati ta tsame hannunta. Kamfanonin fasaha sun sami wannan duka ba tare da sun kashe wani abin kirki ba.

Sai ga Mayun 1998. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka maka Microsoft a kotu bisa zargin danne abokan gasa. A Yunin 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci a 2001, aka yi sulhu, amma kamfanin ya ji jiki. Kafin a gama shari'ar ya cika Washington da lauyoyi da tsofaffin 'yan majalisa da ya ɗauka aiki, asusunsa na siyasa kuma ya shiga sahun manya. Masu tasowa a bayansa sun lura. Google ya buɗe ofishinsa na Washington a 2005, zuwa 2018 yana kashe sama da dala miliyan 20 a shekara wajen kamun ƙafa kawai.

Kamun ƙafa daban, zuba kuɗi a zaɓe daban. Na farko lallashi ne: ka je ofishin sanata da takardu, ka yi masa bayani, ka gayyaci ma'aikatansa liyafa. Na biyu ya shafi kujerarsa. Kuma hanyar na biyun ba attajiran fasaha suka share ta ba, sun tarar da ita ne bayan an shafe sama da shekara ɗari ana buɗewa ana rufewa.

A zaɓen 1896 wani attajirin Ohio, Mark Hanna, ya bi bankuna da kamfanoni yana yanka musu abin da kowa zai bayar don William McKinley ya ci zaɓe. Kamfanin mai na Standard Oil kaɗai ya ba da dala 250,000, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. Abin ya dami jama'a har aka kafa dokar Tillman a 1907, wadda ta hana kamfanoni bai wa 'yan takarar tarayya kuɗi. Bayan abin kunyar Watergate aka ƙara ɗaure igiyar a 1974: aka ƙayyade abin da mutum zai iya bayarwa, aka kafa hukumar da za ta sa ido. Kotun Ƙoli ce ta riƙa kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. A 1976, a shari'ar Buckley da Valeo, ta ce kashe kuɗi don yaɗa ra'ayin siyasa wani ɓangare ne na 'yancin faɗin albarkacin baki. A ranar 21 ga Janairun 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai biyar cikin tara suka ce kamfani ko ƙungiya na iya kashe duk abin da suka ga dama a kan zaɓe muddin ba hannun ɗan takara suka miƙa wa ba. Wata biyu bayan nan wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarasa aikin, aka haifi abin da Amurkawa ke kira Super PAC, wato babban asusun kamfe mai zaman kansa.

Ga yadda abin yake a aikace. Idan kana so ka bai wa ɗan takara kuɗi kai tsaye, doka ta tsayar da kai a kan dala 3,300 a zaɓen 2024. Amma idan ka zuba dala miliyan 50 a babban asusu, asusun ya sayi lokaci a talabijin yana yabon mutumin nan ko yana zagin abokin hamayyarsa, babu laifi, in dai an ce ba su haɗa baki ba. Mai karatu da ya san yadda ubangida ke yi a siyasarmu zai gane manufar, bambancin kawai shi ne can ana rubuta yawancin kuɗin a rijista, kowa na iya dubawa.

Kamfanonin fasaha sun fara gwada ƙarfinsu ne a ƙuri'ar raba gardama ta Kaliforniya, inda jama'a ke zaɓen doka kai tsaye. A 2020 Uber da Lyft da DoorDash da abokansu suka kashe sama da dala miliyan 200 don a amince da ƙuduri mai lamba 22, wanda ya ce direbobinsu ba ma'aikata ba ne, 'yan kwangila ne, saboda haka ba su da haƙƙoƙin da ma'aikaci ke da su. Suka yi nasara. A gefe guda ɗaiɗaikun attajirai na yin nasu: Peter Thiel ya zuba dala miliyan 15 a asusun da ya kai JD Vance Majalisar Dattawa a 2022, shi kuwa Sam Bankman-Fried na FTX, kamfanin hada-hadar kuɗin intanet na kirifto, ya raba kusan dala miliyan 40 a zaɓen wannan shekarar, kafin kamfaninsa ya rushe a Nuwamba, shi kuma a yanke masa ɗaurin shekara 25.

Bayan faɗuwar FTX kowa ya ɗauka 'yan kirifto sun gama yawo a Washington. Hukumar kula da hannun jari ƙarƙashin Gary Gensler ta kai Coinbase kotu, 'yan majalisa suna gudun a gan su da su. Abin da suka yi daga nan shi ne ginshiƙin duk wannan labari. A 2023 Coinbase da Ripple da kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz suka haɗa kai a kan wani asusu mai suna Fairshake, suka tara sama da dala miliyan 200. Ƙungiyar Public Citizen ta ƙiyasta a lokacin cewa kusan rabin kuɗin da kamfanoni suka zuba a zaɓen 2024 daga 'yan kirifto ya fito. Asusun bai damu da jam'iyya ba. Tambayarsa ɗaya ce ga kowane ɗan takara: kana tare da mu ko a'a?

A zaɓen fid da gwani na Kaliforniya a Maris 2024 suka kashe kusan dala miliyan 10 wajen sukar Katie Porter, wadda ke neman kujerar sanata. Tallace-tallacen ba su yi maganar kirifto ba, sun zarge ta ne da wulaƙanta ma'aikatanta da karɓar kuɗin manyan kamfanoni. Ta zo ta uku. A Ohio suka zuba kusan dala miliyan 40 don Bernie Moreno ya kayar da Sherrod Brown, shugaban kwamitin harkokin banki na Majalisar Dattawa, wanda ya daɗe yana yi wa kirifto kallon zamba. Brown ya faɗi. A ganina ba za a iya rantsewa cewa kuɗin ne ya kayar da su ba: Porter dama tana bayan abokin takararta Adam Schiff, Ohio kuma jiha ce da Trump ya cinye da rata mai yawa. Amma masu asusun ba hujja suke nema ba. So suke sauran 'yan majalisa 500 da ɗoriya su kalli waɗannan biyun su yi lissafi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Yunin 2025 sanatoci 68 suka amince da dokar GENIUS, dokar kirifto da masana'antar ke so, cikinsu har da 'yan Demokrat da dama, Trump ya sa mata hannu a Yuli.

Yayin da ake wannan, wata rigima ta daban na tasowa. ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamban 2022, kuma abin mamaki, waɗanda suka fara kiran a kafa doka kan ƙirƙirarriyar basira su ne masu ƙera ta. A Maris 2023 ɗaruruwan masana da 'yan kasuwa, har da Elon Musk, suka sa hannu a wata wasiƙa suna neman a dakata na wata shida. A ranar 16 ga Mayu Sam Altman na OpenAI ya zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawa ya roƙi a kafa hukumar da za ta riƙa ba da lasisi ga manyan manhajojin basira, ta kuma ƙwace idan an saɓa. Sanatoci suka yi ta yaba masa. A ƙarshen Oktoba Joe Biden ya fitar da umarnin shugaban ƙasa da ya tilasta wa manyan kamfanoni sanar da gwamnati sakamakon gwajin tsaro. A farkon Nuwamba ƙasashe 28 suka sa hannu a sanarwar Bletchley a Ingila, Najeriya na cikinsu tare da Kenya da Ruwanda. Tarayyar Turai kuma ta kammala tata dokar, wadda ta fara aiki a Agustan 2024.

Majalisar Amurka dai taro ta yi ta yi, ba ta zartar da komai ba. Sai jihohi suka shiga. A Kaliforniya sanatan jiha Scott Wiener ya kawo ƙuduri mai lamba SB 1047 a 2024, wanda ya shafi manhajojin da aka kashe sama da dala miliyan 100 wajen horar da su: a gwada su kafin a sake su, a tanadi hanyar kashe su, kamfani ya ɗauki alhaki idan sakacinsa ya jawo babbar ɓarna. Nan aka ga inda kowa ya tsaya. OpenAI da Meta da Google da Andreessen Horowitz suka yi adawa, Nancy Pelosi ta mara musu baya. Geoffrey Hinton da Yoshua Bengio, waɗanda ake ɗauka iyayen wannan fasaha, suka goyi bayan ƙudurin, haka ma Musk. Kamfanin Anthropic, bayan an yi gyare-gyare, ya ce amfaninsa ya fi illarsa. Majalisar jihar ta amince, amma Gwamna Gavin Newsom ya hau kujerar na-ƙi ranar 29 ga Satumba.

Zaɓen Nuwamban 2024 ya sauya iska gaba ɗaya. Musk ya kashe sama da dala miliyan 250 don Trump ya dawo. Marc Andreessen da Ben Horowitz sun bayyana goyon bayansu gare shi tun Yuli, kuma sun faɗi dalilinsu a fili: kirifto da ƙirƙirarriyar basira. Ranar rantsuwa, 20 ga Janairun 2025, Musk da Mark Zuckerberg da Jeff Bezos da Sundar Pichai suna zaune a sahun gaba, Meta da Amazon kowanne ya ba da dala miliyan ɗaya don bikin, Altman ma ya ba da haka daga aljihunsa. A ranar Trump ya soke umarnin Biden. Washegari aka sanar da shirin Stargate na gina cibiyoyin kwamfuta da aka ce zai ci dala biliyan 500. Mako guda bayan nan manhajar DeepSeek ta China ta girgiza kasuwa har darajar Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a rana ɗaya, masu adawa da doka suka sami makamin da suke nema: duk wanda ya taka mana birki, China yake yi wa aiki. Da Altman ya koma gaban sanatoci a Mayun 2025, kusan shekara biyu bayan zamansa na farko, cewa ya yi tilasta neman izinin gwamnati kafin a saki manhaja zai zama bala'i ga Amurka.

Saura jihohi. A 2025 an gabatar da ƙudurori sama da 1,000 da suka shafi wannan fasaha a majalisun jihohi 50. Kukan kamfanoni a nan yana da tushe, domin ƙaramin kamfani ba zai iya bin dokoki hamsin masu karo da juna ba, kuma wasu ƙudurorin an rubuta su ne cikin gaggawa da rashin sani. Da sun ce a yi doka ɗaya ta tarayya a madadin na jihohi, da maganar ta zauna. Amma abin da aka cusa cikin babban ƙudurin kasafin Trump shi ne a hana jihohi aiwatar da kowace irin doka kan ƙirƙirarriyar basira har shekara goma, ba tare da an ajiye komai a gurbinta ba. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin ranar 22 ga Mayu da ƙuri'a 215 da 214. Daga baya Marjorie Taylor Greene, ɗaya daga cikin waɗanda suka kaɗa, ta fito ta ce ba ta san da sashen a ciki ba, da ta sani da ba ta yarda ba.

A Majalisar Dattawa abin ya ci tura. Manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi 40 daga jam'iyyun biyu suka rubuta suna ƙi, gwamnoni 17 na jam'iyyar Trump ma haka. Sanata Ted Cruz ya yi ƙoƙarin rage shekarun zuwa biyar don ya shawo kan Marsha Blackburn ta Tennessee, wadda jiharta ke da dokar kare muryoyin mawaƙa daga masu kwaikwayo da na'ura, ga Nashville cibiyar waƙa a mazaɓarta. Ta yarda, sannan ta janye. Da asubahin 1 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'a, sanatoci 99 suka ce a cire sashen, ɗaya ya ce a bari.

Wannan kaye ne ya haifi abin da ake gani yanzu. A ƙarshen Agustan 2025 aka sanar da kafa Leading the Future, gungun manyan asusu da alkawarin sama da dala miliyan 100 daga Andreessen Horowitz, da Greg Brockman shugaban OpenAI da matarsa, da Joe Lonsdale, da Ron Conway, da kamfanin Perplexity. Ba su ɓoye cewa Fairshake suke kwaikwaya ba. Ɗaya daga cikin masu tafiyar da shi, Josh Vlasto, daga Fairshake ɗin ya fito, shi kuwa Chris Lehane, tsohon hadimin Clinton da ya taimaka wajen tsara dabarun 'yan kirifto, shi ne yanzu ke kula da harkokin siyasa na OpenAI. Meta ma ta kafa nata asusu biyu, ɗaya na Kaliforniya, ɗaya na sauran jihohi. A makon da aka sanar da Leading the Future ne iyayen wani yaro ɗan shekara 16 a Kaliforniya suka kai OpenAI kotu, suna zargin ChatGPT da hannu a kashe kansa da ya yi.

Wanda asusun ya fara sa wa ido shi ne Alex Bores, ɗan majalisar jihar New York mai neman kujerar tarayya a Manhattan a lokacin. Laifinsa shi ne ya jagoranci dokar RAISE, wadda ta buƙaci manyan kamfanoni su wallafa tsarin tsaronsu, su kuma kai rahoton duk wani mummunan lamari cikin sa'o'i 72. Bores ba baƙo ba ne a harkar, yana da digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, ya kuma yi aiki a kamfanin Palantir. Tallace-tallacen da aka yi masa sun soke shi ne kan aikin da Palantir ke yi wa hukumar korar baƙin haure, alhali Lonsdale, ɗaya daga cikin masu biyan kuɗin tallan, yana cikin waɗanda suka kafa Palantir ɗin. Salon Porter ke nan aka maimaita: ka buge mutum da abin da zai fi yi masa ciwo a mazaɓarsa, kada ka ambaci ainihin abin da ya haɗa ku. Dalilin a bayyane yake. Binciken cibiyar Pew na 2025 ya nuna rabin Amurkawa damuwarsu kan wannan fasaha ta fi murnarsu, kashi goma cikin ɗari ne kawai murnarsu ta fi yawa. Ba a cin zaɓe da cewa a saki kamfanoni su yi yadda suka so.

Duk da haka jihohin ba su tsaya ba. Newsom ya sa hannu a kan SB 53, ƙanwar wadda ya ƙi, mai sauƙi a kanta, ranar 29 ga Satumban 2025, Gwamna Kathy Hochul ta New York kuma ta sa hannu a kan RAISE a Disamba bayan an rage mata kaifi. An sake gwada cusa haramcin nan cikin ƙudurin kasafin tsaro bai shiga ba, sai Trump ya bi ta bayan gida: ranar 11 ga Disamba ya fitar da umarnin kafa wani rukunin lauyoyi a Ma'aikatar Shari'a da aikinsu shi ne kai jihohi kotu kan dokokinsu.

Kada mai karatu ya ɗauka ɗaya ɓangaren talakawa ne. Tsofaffin 'yan majalisa biyu, Chris Stewart na Rifablikan da Brad Carson na Demokrat, sun kafa Public First don tallafa wa masu son doka, kuma a Fabrairun 2026 Anthropic ya ba ta dala miliyan 20. Shekaru da dama cibiyoyin bincike masu gargaɗi kan haɗarin fasahar suna rayuwa ne da kuɗin Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook. David Sacks, mai bai wa Trump shawara kan wannan fanni a lokacin, ya zargi Anthropic da tsorata jama'a don a kafa dokokin da za su toshe wa ƙananan kamfanoni hanya, zargin da kamfanin ya musanta. Ko wa ke da gaskiya, sakamakon ɗaya ne: muhawarar da ta shafi aikin yi da tarbiyyar yara da kuɗin wutar lantarki na miliyoyin mutane ta koma takara tsakanin aljihun attajirai ƙalilan.

Mu ma abin bai bar mu ba. Manhajar da ɗalibi a Kano ko Damagaram ke yi wa tambaya, da wadda Meta ta saka cikin WhatsApp, a ƙarƙashin dokokin Kaliforniya da Washington ake ƙera su, gwajin da aka yi musu ko aka ƙi yi can ake yanke shawararsa. Mun kuma taɓa ɗanɗana haɗuwar fasaha da kuɗi da zaɓe: a 2018 jaridun Ingila suka bankaɗo cewa wani attajiri ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica a zaɓen Najeriya na 2015 don ɓata sunan Muhammadu Buhari, har da bidiyon tsoratarwa. Hukumar kare masu sayayya ta Najeriya ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a 2024, amma ƙasar da ba ta ƙera kayan ba iyakarta tara da gargaɗi.

Daga fitowar ChatGPT zuwa ƙarshen 2025, dokar a-zo-a-gani da Majalisar Amurka ta zartar da ta taɓa wannan fanni ita ce ta Mayun 2025, mai hukunta yaɗa hotunan tsiraici na jabu. Cikakkiyar doka kan manyan manhajojin babu ita. Zaɓen rabin wa'adi na ranar 3 ga Nuwamban 2026 ya ƙunshi dukkan kujeru 435 na Majalisar Wakilai da kusan sulusin Majalisar Dattawa, kuma waɗanda suka hau kujerun nan su ne za su rubuta dokar ko su hana jihohi rubuta tasu.